Takardar saman zaure ta kulle mana sudo a makaranta: a goge ta ko a gyara?

Malamin Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana a kan takardar shawarwarin kwamfutar nan da aka maƙala a saman zaurenmu, wadda duk wanda ya shigo sabo muke ce masa ya fara karanta ta. Maigida, ina neman afuwarka tun kafin in fara, don na san kai ka zauna ka rubuta ta, kuma Allah kaɗai ya san yawan mutanen da ta fitar kunya a Kumasin nan. Amma jiya ta jefa mu cikin wani hali a makaranta, in kuwa na yi shiru na ci amanar wanda zai faɗa ramin gobe.

Muna da laftof goma sha ɗaya a ɗakin kwamfuta, tsofaffin na ofis da wani bawan Allah ya turo mana daga waje. Lokacin hutu na ɗora musu Ubuntu 24.04, ɗaya daga cikin ire-iren tsarin Linux, gaba ɗayansu. Jiya aka kawo mana sabuwar malama da za ta riƙa ɗaukar 'yan ajin yamma, sai na ce wa yaron da ke taimaka mini ya buɗe mata asusu a babbar kwamfutar da firinta ke jikinta, ya ba ta ikon admin, ni kuma na wuce jana'iza a Tafo. Yaro ya buɗe takardarmu a wayarsa ya bi lamba ta 7, wadda ta ce a rubuta `sudo adduser suna admin`. Shi sudo shi ne umarnin da ke ba mutum ikon admin ya yi aiki. Kwamfuta ta ce babu rukuni mai suna admin. Ya sauko lamba ta 8, ita kuma ta ce in waccan ba ta yi ba, a buɗe `/etc/sudoers`, fayil ɗin da ke faɗin waɗanda ke da ikon sudo, da `gksudo gedit`. Kwamfuta ta ce ba ta san gksudo ba. Ya nemi ya saukar da shi, aka ce babu shi a ma'ajiya. Yaro ne mai zuciyar aiki, ba ya so in dawo in tarar bai gama ba, sai ya ce tunda izini ne ya hana fayil ɗin buɗuwa, bari ya sassauta izinin. Ya rubuta `sudo chmod 777 /etc/sudoers`. Daga nan sudo bai sake amsa masa komai ba.

Bayan la'asar na dawo na same shi zaune ya zuba wa allo ido, idanun sun yi ja, waken da ya sayo tun rana na nan ɗaure cikin ganye a kan benci bai taɓa ba. Tambayata biyu ce. Yaya zan buɗe injin nan ba tare da na yi masa fomat ba, don sakamakon jarrabawar yara na ciki? Sannan me za mu yi da takardar?

Ɗalibar KNUST:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi fomat, abin bai kai nan ba. Da gangan sudo yake ƙin aiki in ya ga kowa na iya rubutu a sudoers, domin in ya yarda, duk wanda ya zauna gaban injin zai iya ƙara sunansa ya zama mai iko. Shiga da asusunka na admin, ka buɗe taminal ka rubuta `pkexec chmod 0440 /etc/sudoers`. Ƙaramar taga za ta fito tana neman kalmar sirrinka. pkexec ba ta sudoers yake bi ba, ta wani tsari daban mai suna polkit yake neman izini, shi ya sa yake aiki ko sudo ya kwanta. In ka gama, sa `sudo visudo -c` ya duba maka ko fayil ɗin lafiya yake.

Ita kuma malamar, `sudo adduser sunanta sudo` shi ne daidai yanzu. Tun Ubuntu 12.04, a 2012, sunan rukunin ya koma sudo.

Malamin Aboabo:
Alhamdu lillahi, ya buɗe. Minti biyu ma bai ɗauka ba. Allah ya yi miki albarka 'yata, ya ba ki sa'ar karatu.

Ɗan Autan Zaure:
Ni ne yaron, Baba Maigida da sauran manya ku yi haƙuri. Wannan 777 ɗin ba a takarda na gani ba, a wani bidiyo ne da na taɓa kallo, mutumin ya ce in fayil ya ƙi buɗuwa haka ake yi. Na ɗauka duk fayil ɗaya ne.

Maigida Adum:
Ɗana, ba ka yi laifin da za ka ba da haƙuri ba. Ka bi abin da manyanka suka rubuta, hanyar ta mutu a gabanka har sau biyu, kai kuma ba ka da wanda za ka tambaya. Malam, babu wata afuwa tsakaninmu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari in faɗa muku asalin lamba ta 7, don tun ɗazu nake zaune a shago ina bin abin a raina. A 2016 na rubuta takardar, amma daga littafin aikina na kwafo ta, littafin da na fara cikawa tun ina amfani da Ubuntu 10.04. Na kuwa gwada kowane layi kafin in tura, ba wanda ya ƙi. Yanzu da 'yarmu ta ambaci 2012 na je na duba tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur. Rukunin admin na nan a cikinta har yau. Ashe ita ban taɓa goge ta ba, ɗaga ta nake yi daga wannan fitowa zuwa waccan, to wadda aka ɗaga haka tana riƙe tsohon rukuninta, sabuwar ɗorawa ce ba ta zuwa da shi. Ke nan tun ranar da na rubuta layin nan ya riga ya tsufa da shekara huɗu, injina ne ya rufe mini ido. Wannan ya dame ni fiye da na gksudo, domin shi gksudo a 2016 yana aiki garau, sai a 18.04 aka cire shi.

Amma maganar gogewa, a nan zan tsaya. Duk sati sai an kawo mini injin da ke kan abin da ku kuka manta da shi. Shekaranjiya wani mai shagon ɗinki daga Alabar ya kawo mini laftof mai 16.04, a ciki yake ajiye awon mutane da lissafin bashi. A kan wannan injin gksudo yana aiki. In mun share tsoho kaf, mai tsohon inji ina zai nufa? Da tsohuwar zuma ake magani.

Kawun Nima:
Yaya, ina gaishe ka daga Akra. Ka san girman da nake ba ka, amma a nan mun saɓa. Ni aikina kula da sabar kamfani ne, kuma abin da na koya shi ne shawarar da ta shafi ikon root, wato cikakken iko a kan inji, ba kamar sauran shawarwari ba ce. In ka gaya wa mutum tsohuwar hanyar canza hoton fuskar allo, iyakarta ta ƙi yi. In ka gaya masa tsohuwar hanyar taɓa sudoers, ga abin da ya samu Malam. Maganin da wa'adinsa ya wuce ba a barinsa a kanta ɗaya da sabo a ce mai saye ya karanta kwanan wata, kwashe shi ake yi.

Shi kuma mai ɗinkin, taimakon da za a yi masa shi ne a fitar da shi daga 16.04. Tallafinta na kyauta ya ƙare tun Afrilun 2021. A Janairun 2022 masu bincike na Qualys suka fallasa wani rami a cikin pkexec ɗin nan da ya ceci Malam yau, wanda aka sa wa suna PwnKit. Tun 2009 ramin yake ciki, kuma duk mai ƙaramin asusu a inji zai iya bi ta nan ya zama root. Shekara guda kafin nan, a Janairun 2021, su ɗin dai suka gano makamancinsa a sudo kansa, wanda ya kusan shekara goma a ɓoye. Injin da ke karɓar sabuntawa an toshe masa cikin kwanaki. Wanda ba ya karɓa yana nan a buɗe. In muka ajiye masa shafi a takardarmu, kamar muna ce masa ya ci gaba da zama ne.

Maigida Adum:
Ƙanena, gaskiya ka faɗa a kan ramukan. Sai dai ka zo ka zauna a shago kwana ɗaya ka ga injunan da nake magana. Wasunsu 32 bit ne, Ubuntu ta daɗe da daina fitar musu da sabo, Debian ma, wata Linux ɗin da muke gudu wurinta, ta daina ba su cikakken tallafi a fitowa ta 13. Na mai ɗinkin ko intanet ba ya hawa. Zan ce masa ya sayi sabo ne da kuɗin da bai da shi? Ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba, injin na nan, gobe wani yaron gyara zai buɗe shi.

Hajiya Mai Kafe:
Salamu alaikum. Ku bar ni in sa baki, don ina ga ku duka kuna ta jayayya a kan takarda, alhali mutanenmu ba takarda suke bi ba. Saƙon murya suke bi.

Ni ban san Linux ɗinku ba, Windows ce a kafena a Asawase. Shekarun baya firinta ta riƙa maƙale mini, takardu su taru a layi su ƙi fita. Maigida ya yi mini saƙon murya na minti uku da Hausa, tiryan-tiryan: a danna maɓallin Windows da X, a zaɓi Command Prompt na admin, a rubuta `net stop spooler`, a share abin da ya taru, a rubuta `net start spooler`. Saƙon nan ya yi mini rana ba sau ɗaya ba. Na tura wa ƙanwata a Tamale, ita ta tura wa wasu a Techiman, har wata rana wani ya turo mini shi yana ce mini ga wani malami da ya iya bayani.

Watan jiya, ranar da mutane suka cika kafe suna buga fom, layi har bakin ƙofa, firinta ta tsaya. Ina gida, yarinyar shago ce kaɗai. Ta kunna saƙon, ta danna Windows da X a sabuwar kwamfutar, ba ta ga Command Prompt a jerin ba. Sai ta nemo shi ta wurin bincike ta buɗe shi haka kawai, ta rubuta umarnin, ya ce an hana ta shiga. Ta maimaita ya fi sau biyar. Mutane suka gaji suka tsallaka titi wurin wani. Da na zo na ga abin da aka rubuta a jerin Terminal ne na admin, shi ne dai, suna ne ya canza. Cinikin rabin yini ya tafi a kan suna.

To ita takarda in kun gyara ta gyaru. Saƙon murya fa? Wanda ke Tamale ba ya cikin zauren nan, kuma in aka tura saƙo, ranar da aka tura ake gani, ba ranar da aka yi shi ba. Kullum sabo yake a kunnen mai ji.

Ɗalibar KNUST:
Mama, sau biyu ma aka canza wurin nan. A 2017 wani babban sabuntawa na Windows 10 ya sa PowerShell a gurbin Command Prompt a jerin, sai Windows 11 ta zo da Terminal. Ki gaya wa yarinyar wata hanya da ta fi daɗewa ba ta motsa ba: ta danna maɓallin Windows, ta rubuta cmd, sannan ta haɗa Ctrl da Shift da Enter. Taga za ta fito tana tambayar ko ta yarda, ta ce e. In ba ta ga wannan tambayar ba, to ba da ikon admin ta buɗe ba.

Alhajin Sawaba:
In dai tagar nan ce mai yawan tambaya, ni na kashe ta a tawa tuntuni. Lamba ta 15 a takardar ta nuna yadda ake yi.

Kawun Nima:
Alhaji, don Allah ka mayar da ita yau ɗin nan kafin ka kwanta. Yaya, ka ga irin abin da nake nufi? Tagar nan, UAC, da Windows Vista ta zo a 2007, kuma a lokacin ta cika tambaya har mutane suka tsane ta, shi ya sa shawarar kashe ta ta bazu. Windows 7 ta rage yawan tambayar tun 2009. Yau wanda ya kashe ta ya cire ƙyauren ɗakinsa ne, duk manhajar da ta shigo ta filashi za ta ɗauki ikon admin ba tare da ta yi sallama ba. Wannan lambar babu injin da take yi wa amfani, tsoho ko sabo.

Maigida Adum:
Ta 15 kam ban da abin cewa. A cire ta. Alhaji, kawo injin gobe in duba maka shi, ba sai ka biya komai ba.

Alhajin Sawaba:
To na ji. Ni da na ɗauka tunda a sama take a maƙale, an tantance ta.

Malamin Aboabo:
Maganar Alhaji ita ce gaba ɗayan abin da ke damuna. Maƙala takarda a sama shaida ce muke bayarwa. Yaron nan da ya ga bidiyo a waje yana da shakka, amma da ya ga abu a saman zauren da malaminsa ke ciki, bai yi tunanin ya tambaya ba. Mu malaman makaranta mun san wannan: in za ka ba da karatu sai ka faɗi daga wa ka ji, shi kuma daga wa ya ji. Takardarmu ba ta da isnadi. Ba ta faɗi a kan wace fitowa aka gwada ba, ba ta faɗi yaushe ba, ba ta faɗi wa ya gwada ba. Da a ce a saman lamba ta 8 an rubuta cewa an gwada ta a Ubuntu 16.04 a shekarar 2016, yaron yana ganin 24.04 a gabansa da ya tsaya ya kira ni.

Don haka ni ban goyi bayan a share komai ba, ban kuma goyi bayan a bar ta yadda take ba. Kowace shawara ta ɗauki shaidarta a goshi. Wadda ba wanda zai iya tsayawa ya ce ni na gwada ta da hannuna a kan kaza, a sauke ta daga sama har sai an samu mai gwadawa.

Ɗalibar KNUST:
Malam, ina tare da kai, kuma ina so in ƙara abu ɗaya a kan yadda ake rubutun kansa. Yawancin lambobin suna ba da umarni ne kawai, ba sa faɗin dalili. Lamba ta 8 ta ce a yi amfani da gksudo, ba ta ce don me ba. Dalilin kuwa shi ne a wancan lokacin in ka buɗe manhaja mai taga da sudo tsirara, tana iya rubuta fayilolin root a cikin foldar gidanka, gobe ka zo shiga asusunka ya ƙi. gksudo yana kauce wa wannan. Wanda ya san dalilin, ranar da gksudo ya ɓace zai tambaya me ya maye gurbinsa. Wanda bai sani ba zai ɗauka wata ƙofa ce kawai ta rufe, ya nemi ta kusa ya ɓalle.

Shi gksu, manhajar da gksudo ke cikinta, an cire shi ne don an daɗe ba mai kula da shi, kuma tunanin masu yin tsarin ya canza: maimakon a ba manhaja sukutum ikon root, gara ta zauna a matsayinta ta nemi izini a kan abu ɗaya da za ta taɓa. Shi ya sa yanzu ake rubuta `gnome-text-editor admin:///etc/fstab`, da karkatattun layuka uku. A Linux Mint kuma `xed admin:///etc/fstab`. Ku lura ko gedit ɗin da ke takardar ba shi ne ke zuwa da Ubuntu ba tun 22.10. Ga mai son taminal akwai `sudoedit`, wanda ke kwafo fayil ɗin ka gyara a matsayinka na kowa, sannan ya mayar. Sudoers kuwa ba a taɓa shi da komai sai `visudo`, don shi yana duba kuskure kafin ya ajiye.

Abin da ya fi ba ni tausayi, aikin da aka sa ƙanena ko taminal ba ya buƙata. A cikin Settings, wurin masu amfani, akwai ɗan maɓalli da ake turawa a mai da mutum admin. Shi ya kamata ya zama farkon abin da takarda za ta faɗa.

Ɗan Autan Zaure:
Yaya, na ga maɓallin yanzu. Wallahi a gabana yake tun jiya.

Kawun Nima:
'Yata ta yi bayani mai kyau. Amma ku sani ba a gama canjin ba, don kada mu gyara yau mu koma barci. Ubuntu 25.10 da ta fito a Oktoban 2025 ta zo da sudo-rs a matsayin sudo, wato an sake rubuta shi da yaren Rust. Sunan umarnin bai canza ba, aikin yau da kullum bai canza ba, amma akwai abubuwan tsohon da aka bari da gangan, kuma saƙonnin da yake fitarwa ba lallai su zo kalma da kalma irin na da ba. Duk shawarar da ta ce "in ka ga an rubuta kaza" sai an sake duba ta. systemd ma, wadda ke tayar da ayyukan Linux, ta fito da nata madadin sudo, run0, a fitowa ta 256 a 2024. Masu Debian sun sha nasu tun 2019, lokacin da `su` shi kaɗai ya daina kai mutum inda umarnan admin suke, sai an rubuta `su -` da ɗan layin nan. Har Windows 11 ta samu abin da ta kira sudo daga fitowar 24H2, a kashe yake zuwa sai ka kunna, kuma ba ɗaya yake da na Linux ba ko da sunan ya zo ɗaya. Kiɗa na canzawa, dole rawa ta bi.

Tambayata ga Malam: wa zai riƙa yin wannan gwajin? Rubuta kwanan wata abu ne mai sauƙi a ranar farko. Bayan shekara biyu fa, in 'yarmu ta gama karatu ta tafi hidimar ƙasa a wani gari?

Maigida Adum:
Wannan ita ce tambayar. Abin da ya kashe takardar farko ke nan, mutum ɗaya ne ya ɗauke ta, kuma mutumin ya tsufa da injinsa. Kada a sake ɗora ta a kan mutum ɗaya, ko ni ko wani.

Ga abin da zan iya. Shagona na da benci na baya da ba kowa a kai ranar Asabar bayan la'asar. Ina da injuna uku da masu su suka bari ba su dawo ba shekara da shekaru. Ɗaya a bar mata tsohuwar Ubuntu, ɗaya a riƙa yi mata sabuwar ɗorawa daga tushe, ba ɗagawa ba, don kada abin da ya rufe mini ido ya rufe na wani, ta ukun Windows. Ubuntu a Afrilu da Oktoba take fitowa, ba ta saɓawa, mai dogon tallafi kuma duk shekara biyu a Afrilu. Mu ma mu ɗaure zamanmu da waɗannan watanni. Duk wanda ya gwada lamba, sunansa na zaure ya hau kanta, in ta lalace a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Kawun Nima:
Na yarda da zaman, zan riƙa shigowa ta bidiyo daga nan. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya. Na tsofaffin injuna kada su zauna a takarda ɗaya da na yanzu, ko da an rubuta gargaɗi da jan biro. Mutum in yana cikin ruɗu ba ya karanta kan magana, umarnin yake nema da ido ya kwafa. A raba su, ta tsofaffi kada a maƙala ta, sai wanda ya nema a tura masa bayan an tambaye shi abin da ke kan injinsa.

Maigida Adum:
Rabawa na yarda. Amma a rubuta a ƙasan sabuwar cewa tsohuwar na nan, don yaron gyara da ke Bawku ya san akwai abin da zai nema.

Hajiya Mai Kafe:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar saƙon murya.

Malamin Aboabo:
Hajiya ki yi haƙuri, kin fi mu gaskiya, naki ne ya fi yawo. Wanda ya riga ya fita ba mu da igiyar da za mu jawo shi. Amma na gaba, mai yin saƙo ya fara da faɗin wata da shekara da bakinsa, da irin injin da yake magana a kai, kafin ya ce a danna komai. Ya kuma faɗi abin da mai sauraro zai gani in ya dace, ya ce in ba ka ga haka ba ka tsaya, kada ka nemi wata hanya da kanka, ka tambaya. In yana cikin muryar, duk inda aka tura shi da shi zai tafi, ba mai iya yanke shi kamar yadda ake yanke hoton allo.

Hajiya Mai Kafe:
To Maigida ya sake yi mini na firinta a haka, da hanyar da 'yata ta faɗa. Ni zan bi waɗanda na tura wa ɗaya bayan ɗaya, na san aƙalla mutum shida. Zan ce su goge tsohon su tura sabon duk inda suka tura wancan. Sannan ina da tambaya: biyu daga cikin injunan kafe Windows 10 ce, an ce tallafinta ya ƙare.

Ɗalibar KNUST:
E Mama, ranar 14 ga Oktoban 2025. Wannan magana ce mai tsawo, ya danganta da ko injunan za su iya ɗaukar 11. In kin yarda in biyo ta kafe ranar Asabar kafin in wuce Adum in duba su. Amma tun yanzu, asusun da kwastomomi ke zama a kai kada ya zama na admin. Ki buɗe musu na kowa, kalmar sirrin admin ta zauna wurinki da yarinyar.

Hajiya Mai Kafe:
Duk a na admin suke zama, haka mai haɗa mini ya bar su. Ki zo da wuri, zan ajiye miki koko da ƙosai.

Malamin Aboabo:
Na sauke takardar daga sama yanzu, na sa sanarwa a gurbinta cewa ana gyara, duk mai buƙatar abin da ya shafi sudo ko admin ya tambaya a zaure tukuna. Lambobi 31 ne a ciki. Na ƙirga waɗanda suka taɓa ikon admin, 12 ne, da su za mu fara.

Ɗan Autan Zaure:
Baba Maigida, in an yarda ni zan ɗauki ta 7 da ta 8. Na riga na gwada sabuwar ta 7 a laftof biyu na makaranta, ta maɓalli da ta taminal, duka sun yi a 24.04. Abu ɗaya na lura, sai da malamar ta fita daga asusunta ta sake shiga kafin sudo ya karɓe ta. In rubuta wannan ma a ciki?

Maigida Adum:
Rubuta shi ɗana, a layin farko bayan umarnin. Ka zo da laftof ɗaya ranar Asabar mu sake yi a gabana, sannan ka sa sunanka.